Mai Duban Kifi ta Aboabo

Laifin Goggo Asama'u ne, ita da bakinta da ba ya riƙe magana. Abin da Rashidatu ta gaya mata kawai shi ne bana kifin teku da ake kira amani zai cika kasuwa da wuri. Kifi kuwa ya iso da wuri, sai Goggo ta zaga unguwar Aboabo tana shela wai Rashidatu 'yar Malam Brimah tana duba da kwamfuta. Ai kuwa mata suka yi cincirindo a ƙofar gida. Wannan mijinta ya tafi Libiya babu labari, waccan an sace mata waya.

Rashidatu fa lissafi take karantawa a jami'a. Sanyin teku, hasken rana da filankton, ƙananan halittun da kifi ke ci, su take haɗawa a lissafi ta gano lokacin da kifi zai yawaita. Abin dariya, ko tekun ba ta taɓa gani ba. Sai yanzu malamarta ta zaɓe ta shiga jirgin ruwan bincike daga tashar Tema, murna har ta hana ta cin abinci.

Amma Malam Brimah ya tsufa yana wa'azi a kan masu bugun ƙasa. Ya ce gaibu na Allah ne, kuma babu inda 'yarsa za ta.

Ta sha kukanta, sannan ta hau motar haya ta trotro ta koma makaranta, ta aro na'urar da ke ƙara girman ƙananan abubuwa da 'yar kwalbar ruwan teku da aka kawo ranar. Ta dawo gida ta sami babanta a tabarma, ta durƙusa, ta ɗiga ruwan a na'urar, ta roƙe shi ya leƙa sau ɗaya tak. Ya harare ta, ya cire tabarau, ya leƙa. Tsoho fa ya ƙi ɗagowa.

"Subhanallahi. Duk waɗannan a ɗigo ɗaya? Kuma suna iyo?"

"Su nake ƙirgawa, Baba, kamar yadda kake auna inuwa ka san la'asar ta kusa."

Ya miƙe ya fita ya sallami matan, ya ce a nan gidan ba a duba, ƙirga ake yi. Da ya dawo ya ɗaga kwalbar, ya yamutsa fuska.

"Wannan ta yi kaɗan. In kin je, ki cika jarka ki kawo, ɗalibaina ma su gani."