Yatsan Tsoho Luo

Meng Suzhen tana shanya barkono a baranda aka kira ta a waya, aka ce mijinta Tan Dehou ya yanke jiki ya faɗi a kasuwar kayan miya. Kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Maƙwabta ne suka turo 'yar motarsa mai lantarki har bakin layi, don cajinta ya ƙare.

A hawa na biyar suke zaune, ba su da inda za su shigar da mota. A da Dehou igiyar wuta yake zurowa ta taga ya yi mata caji, har hukumar unguwa ta hana. Aka ce in yana son a kafa turken caji a bakin titi, sai kowane gida a layin ya dangwala yatsa a takarda. Shekara biyu yana hawa bene yana sauka, yana neman yatsun.

Sai da kwana arba'in da tara na makoki suka cika ta iya buɗe motar. A ƙarƙashin kujera ta sami takardar. Yatsu sittin da biyu, jawur, manya da ƙanana, har da na mutanen da ba sa ga-maciji da juna. Ta daɗe tana kallo, ta rasa yadda mutumin da ko gishiri ba ya iya roƙa ya tara wannan. Gurbi ɗaya ne ya rage, na Luo Baogen, kuma wa'adin takardar saura kwana biyar. In ya wuce, sai a koma farko.

Luo tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, teburin dararsa na gindin bishiyar da za a kafa turken. Nan ta same shi, ya kifa bahon wanki a kan teburin.

“Yaya Luo, mutumin ya tafi. Har yanzu ba ka gaji da wahalar da shi ba?”

Ya ɗaga bahon. 'Ya'yan dara na jere a tsakiyar wasa, ko ƙura babu. Ya ce tun farko sharaɗi ya gindaya wa Dehou, ran da ya cinye shi zai dangwala, kuma tun ranar rasuwar bai bar kowa ya taɓa teburin ba, ruwa da iska.

“Ƙanwata, mijinki rago ne a dara, shekara biyu bai taɓa ci na ba. Amma ana jajibirin rasuwarsa ya ritsa ni. Sai na ce masa cikina na murɗa, mu ƙarasa gobe.” Ya goge hanci. “In ya ci, wa zai riƙa zuwa yana zagina kullum?”

Ta ce ita ba ta iya dara ba. Ya nuna mata ɗan darar Dehou da ake kira doki, ya nuna gidan da zai shiga. Ta tura shi da yatsa ɗaya. Luo ya duba, ya sake dubawa, ya ce an cinye shi. Ya miƙo hannu ta ba shi jar tawada.

Bayan wata guda aka kafa turken, tsawonsa bai wuce ƙirjinta ba. Layin duka ya fito. Wata maƙwabciya ta soka bakin igiyar a jikin motar, wata 'yar fitila koriya ta kama. Can sai allon gaban direba ya haska, rediyo ya tashi da kansa a tashar waƙoƙin gargajiya da Dehou ya bari, da ƙarar da Suzhen take yi masa faɗa a kanta. Luo ya cire hula.

Suzhen ba ta iya tuƙi ba, ta ba 'yarta motar. Gidaje tara ne ke caji a turken yanzu, kuma duk a yashe suke barin igiyar. Kowace safiya takan sauko da tsumma ta goge fitilar, ta naɗe igiyar zagaye uku, yadda Dehou yake naɗe tasa, ta rataye.