Biskit ɗin Ummu Rakan

Duk wanda ya san Fawwaz, wanda mutanen unguwarsu a Irbid ta ƙasar Jodan ke kira Abu Rakan, ya san abu biyu game da shi: yana yanka makulli a ɗan shagonsa na bakin kasuwa, kuma ba ya cin kuusa. A garin da babu gidan da ba a dafa 'yar kabewar nan kore mai tsawon tafin hannu, a ƙwaƙule cikinta a ɗura shinkafa da nama, a ce ga magidancin da ko ɗanɗanawa ba ya yi, ai dole a yi magana. Amma shi ba ƙyama ba ce ta hana shi. Rantsuwa ya yi.

Shekara ashirin da bakwai da suka wuce, shi da ƙanensa Mufid suna noman kuusa a kwarin Ghor. Wata safiya Mufid ya kai lodi ɗaya kasuwa a motarsu a-kori-kura, ya dawo idanunsa jajur don gajiya. Fawwaz ya ce masa ya daure ya kai na biyu kafin rana ta lalata kayan. Motar ba ta gama hawa dutsen da ke kan hanyar kasuwa ba. Sa'ad da Fawwaz ya isa wurin an riga an ɗauke gawar, abin da ya tarar kawai kuusa ce warwatse tun daga bakin hanya har ƙasan rami, kore shar, yawancinsu ko ƙwarzane babu. A bakin kabari, gaban dangi da baƙi, ya rantse da Allah ba za ta ƙara shiga bakinsa ba. Ya sayar da gonar, ya dawo gari ya koyi yankan makulli.

Bai hana a dafa a gidansa ba. Ran da matarsa Intisar, Ummu Rakan, ta yi wa yara ɗurarriyar kuusa, shi sai ya koma gefe da burodi da man zaitun, yana ci yana tuna ƙanensa. Ba ya jin yunwar a matsayin horo. A wurinsa wannan ne kaɗai abin da ya taɓa iya ba Mufid, kuma duk shekarar da ta wuce bai karya ba, sai ya ji kamar ya ƙara ɗora dutse ɗaya a kan kabarin.

Abin da ke sanyaya masa rai a gidan nan shi ne biskit ɗin Alhamis. Ummu Rakan na gasa shi da kirfa da zabibi, ta barbaɗa riɗi a sama, ya fito da laushin da ko kwana huɗu ya yi ba ya bushewa. Abu Rakan mutum ne mai tsumulmular yabo, amma a kan biskit ɗin nan bakinsa ba ya da linzami. Ranar Asabar zai cika takarda ya tafi da shi shago, ya miƙa wa maƙwabcinsa Abu Zuhdi mai aski, ya ce, "Ci ka ji hannun mata, ba irin tsakuwar da ake ba ka a gida ba." Abu Zuhdi ya ci, ya yi ta dariya har da tari.

To, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A cikin bazarar nan Ummu Rakan ta zame a banɗaki ta karya hannun hagu, aka ɗaure mata shi. Ranar Alhamis da hantsi Abu Rakan ya tuna maganin ciwonta ya ƙare. Mutumin da ba ya rufe shago kafin azahar ko ana ruwan ƙanƙara, ya ja ƙofa ya kulle, ya saya, ya hau gida da ledar a hannu yana jin daɗin kansa.

Tun daga matakala ya ji ƙamshin kirfa. Ya leƙa kicin. Matarsa na zaune a kan kujera ta ba ƙofa baya, hannunta a rataye, tana ba 'yarsu Sundus umarni.

"Matse da kyau, ke kuma! In ruwan ya yi yawa kwaɓin zai saki. Murɗa tsumman kamar kina jin haushinsa."

Sundus na murɗa wani farin tsumma a kan kwano, koren ruwa na ɗiga. A gefe ga kuusa an ƙwaƙule an jera a tire, ga 'yar doguwar wuƙar ƙwaƙula. Yarinyar ta warware tsumman, ta juye tsokar cikin kuusar nan a kan fulawa da sukari da ƙwai, ta sa hannu ta fara cuɗawa. Ba ta yi da sanɗa ba, ba ta waiwaya ba. Yadda take yi, da gani ka san ta sha ganin ana yi.

"Sundus," in ji shi. "Mene ne kika zuba?"

Yarinyar ta daskare, hannu cikin kwaɓi. Ta kalli uwarta. Ummu Rakan ta juyo a hankali.

"Abu Rakan, ka dawo da wuri."

"Maganinki na kawo." Ya ajiye ledar a kan tebur. "Yarinya ce ta yi kuskure, ko? Yau ne kawai?"

Ƙofa ce ya buɗe mata, kuma Allah ya sani so yake ta bi ta ciki. Da ta ce e, da ya yi ɗan faɗa, a zubar da kwaɓin, a wuce wurin. Amma ta dubi fuskarsa ta ƙi.

"Ba yau ba ne kawai."

"Tun yaushe?"

"Tun ina da cikin Rakan."

Rakan yana da shekara ashirin da shida, har ya yi gemu. Abu Rakan ya jingina da ƙofa. Bakinsa ya cika da ɗanɗanon biskit ɗin da ya ci jiya da shayi, ragowar na makon jiya, ya ji kamar ya amayar da shekarun duka.

"Ke kina wurin, Intisar. Kina tsaye bayan Hajja sa'ad da aka dawo daga maƙabarta, an faɗa muku abin da na rantse. Ba labari kika ji a kasuwa ba."

"Hajja ce ta fara," ta ce.

Hajja Fidda ita ce mahaifiyarsa, ta rasu shekara tara ke nan. Da ɗan gari akan ci gari, amma bai taɓa zaton har uwar da ta haife shi tana cikin 'yan garin ba.

"Wallahi ita ce. Mun ƙwaƙule kuusa ran nan, ka san ita ba ta yarda a zubar da tsokar ciki, ta ce ni'imar Allah ce, ba ta shiga shara. Da ma soyawa ake yi da ƙwai a ba yaran maƙwabta, ran nan kuwa sun ƙoshi. Sai ta ce in zuba a kwaɓi. Ba kai muka yi wa ba. Ka shigo ka ɗauka ka ci, ka ci shida a tsaye. Wata bakwai ba ka cin abin kirki, wuyanka kamar na zakara, ran nan har ka yi murmushi. Na buɗe baki zan faɗa, Hajja ta taka mini ƙafa."

"Sai mako na biyu ma ta taka miki ƙafa? Da ta mutu fa, daga kabari take taka miki?"

"Na gwada yi babu kuusar, sau biyu! Ka ce ya bushe, ka tambaye ni ko fushi nake da kai. Kuma ba ka da zunubi, Abu Rakan. Na tambaya, an ce wanda aka ba bai sani ba, rantsuwarsa na nan."

"Wa kika tambaya?"

Sundus ce ta amsa da ƙaramar murya, "Liman, Baba."

Limamin da yake bi sallah sau biyar a rana. Abu Rakan ya yi wata 'yar dariya mara daɗin ji.

"Madalla. Liman ya sani. Rakan fa?"

"Ya sani."

"Yayata Nawal?"

Sundus ta sunkuyar da kai, shi ke nan ya samu amsa.

"Ni ba zunubi nake tambayarki ba," in ji shi, kuma bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata su ke nan. "Ni na tura yaron nan ya hau dutse yana gyangyaɗi. Ban iya dawo da shi ba, bai bar ɗa ba balle in riƙe. Abu ɗaya tak na ce zan hana bakina saboda shi. Ina zaune a can gefe da busasshen burodi kuna kallona, ina jin na yi masa wani abu. Ashe kun san jiya kun ciyar da ni, gobe ma za ku ciyar da ni. Tausayina kuke ji ko dariya kuke yi?"

"Baba, don Allah..."

"Ci gaba da aikinki, 'yata. Kada kwaɓi ya saki."

Ya sauka ya koma kasuwa, don bai san inda zai je ba. Bai buɗe shagonsa ba, ya tsaya a ƙofar mai aski. Abu Zuhdi na gyara wa wani tsoho gashin baki.

"A'a, sarkin makullai! Yau ka yi dukiya ne ka rufe da hantsi?"

"Abu Zuhdi, ka san abin da ke cikin biskit ɗin da nake ba ka?"

Almakashi ya tsaya. Abu Zuhdi ya dubi tsohon ta madubi, tsohon ya dubi silin.

"Haba, Abu Rakan. Matata ta karɓi yadda ake yi wurin maiɗakinka tun ba yau ba, sai dai nata ba ya kai naku. Mun ga kana jin daɗinsa, wa zai ɓata maka? Kabewa ce fa, mutumina, ba naman alade ba."

"Shi ya sa kake dariya duk Asabar."

"To, kai ma da ka ga fuskarka in kana yabo..." Ya soma dariyar, ya ga babu mai taya shi, ya haɗiye ta. "Yi haƙuri. Zauna in sa a kawo shayi."

Bai zauna ba. Ya yi ta tafiya cikin rana, duk fuskar da ya gaisa da ita sai ya tambayi kansa ko wannan ma ya sani. Baƙin cikin da yake ji ba na wanda aka yi wa sata ba ne. Na wanda aka lallaɓa ne kamar mara lafiya, gari guda ya haɗa baki a kansa don alheri, kuma wannan ya fi ciwo, domin babu wanda za ka kama ka ce maƙiyinka ne.

Ya dawo gida bayan magariba, ya yi sallarsa a ɗaki. Babu ƙamshin kirfa, an zubar da kwaɓin, an wanke kwanon an kife. Ummu Rakan ta hana Sundus taɓa tukunya, da hannunta ɗaya ta dafa masa shinkafa da ƙananan waken nan na adas, ta soya albasa har ta yi ja yadda yake so. Ta kawo ta ajiye a gabansa, ta zauna nesa kaɗan, idanunta a kumbure.

Ya ɗauki cokali ya yi bismillah. Ya ɗebo, ya tsaya. Ya juya abincin, ya sake juyawa, yana duba ƙarƙashinsa.

"Me da me kika zuba a ciki?"

Sundus ta rufe baki da hannu ta fita. Ummu Rakan ta fara lissafa wa mijinta na shekara ashirin da takwas: shinkafa, adas, albasa, man zaitun, gishiri, ruwa. Ya saurare ta har ƙarshe. Ya san gaskiya ta faɗa, ko shakka ba ya yi. Ya ɗaga cokalin har kusa da baki, hannunsa ya ƙi ƙarasawa.