Sarƙar Babur a Gidan Burodi

Tun da aka tashi masu gyara daga bakin titi, Sifana yake gyaran babura a ƙarƙashin bishiya, idonsa kuwa na kan ɗakin da ke zaune ba kowa a gefen gidan burodin gwaggonsa. Ya roƙa ya roƙa, ita kuma ta ce ba za ta ajiye mai baƙin hannu kusa da fulawa ba.

Rannan ya tarar da ita tana zagin injin kwaɓa fulawa. Da kwaɓi ya yi tauri sai bel ɗin ya riƙa zamewa yana kuka, injin na juyi kamar mai ciwon baya. Sifana ya ce ta bar shi ya sa masa sarƙa, sarƙa ba ta san zamiya ba. Ta harare shi, ta ce in ya gyaru a yi maganar ɗaki.

Ya kwance bel, ya ɗaura faifai biyu masu haƙora, ya zarga musu sarƙar babur. Sannan ya yi abin da hannunsa ya saba yi wa kowace sarƙa: ya tuttula mata baƙin mai har tana ɗiga.

Aka kunna. Ƙara kam kamar ana jan kwanon rufi a kan tsakuwa, amma injin ya murɗe kwaɓin nan ba ko tari. Gwaggo ta fara murmushi, Sifana ya harɗe hannuwa yana hura hanci. Sai mai gasa burodin ya leƙa cikin kwanon injin, ya tambaya ko yau burodi mai ɗigo-ɗigo za a yi. Ashe sarƙar tana gudu tana watsa mai. Kwaɓi ya zama kamar zabuwa, haka ma mayafin Gwaggo.

Sifana bai tsaya ba da haƙuri ba. Ya yanko gwangwani ya yi wa sarƙar murfi, ya goge ko'ina, sannan ya faɗa mata gaskiya murya ƙasa-ƙasa: sarƙa tana son mai kaɗan-kaɗan a kai a kai, tana saki sai an ɗaure, kuma in cokali ya faɗa kwano ba za ta zame ba, sai dai wani abu ya karye.

Gwaggo ta nuna sarƙar, ta ce:

"Wato ka haɗa ni da abin da kullum sai an yi renonsa. To wa zai riƙa yi, ɗan nema?"

Ya sosa ƙeya, ya ce ai bishiyar tasa da nisa.

Ta kwance makullin ɗakin daga bakin zani ta jefa masa. "Kwashe kwaɓin nan ka kai wa kaji tukuna. Kuma kafin ka taɓa mini ƙofa, sabulu."