Kazar Kulu

"Wa ya yanka kajin nan?"

Daga ɗakina na jiyo muryar Mama Martha, har na saki ludayi. Matar da tun watan jiya sai an kai kunne bakinta ake jin maganarta, yau ga ta da murya. Na leƙa. Ɗanta Nicholas na tsaye da wuƙa a hannu, ya iso daga Abuja jiya da gwamnati ta ba da hutun Kirsimeti, wai shi mai taimako.

Gida ɗaya muke haya a Makera tun ina amarya, don haka na san abin da ya ɓata. Mama ba ta taɓa bari Kirista ya yanka mata kazar Kirsimeti ba. Musulmi take kai wa, saboda ƙawarta Kulu ta samu ta ci. A da ɗakin Kulu ne wannan da nake ciki. Lokacin masaƙun Kakuri na aiki, ranar Kirsimeti kwanukan shinkafa ne ke yawo ƙofa-ƙofa, ba a tambayar wane ina yake ibada. Da aka yi rikici Kulu ta kwashe 'ya'yanta ta haye gada zuwa Tudun Wada, ba ta sake tako unguwar nan ba. Amma kowace shekara, ana tashi daga coci, Mama za ta ɗauki kular abinci ta bi ta.

Nicholas ya ce ai nama nama ne, a dafa a kai, wa zai sani?

"Ni na sani," in ji Mama. Ta juya fuska bango.

Raina ya ɓaci da shi, mutum da gemu amma bai san uwarsa ba. Na kamo tawa kazar, wadda na yi ta kiwo don yarana, na kai wa Malam Tanimu mai nama a bakin titi. Ya karɓa yana tambayar jikin Mama. Coci kam ban je ba ranar, sai ƙararrawa da waƙoƙi da nake jiyowa ina soya miya. Allah ya gani.

Da rana na hau keke napep da kula a cinya. Kulu na ganina da kular ta kalli bayana, tana neman Mama. Na gaya mata gaskiya, cewa likitoci sun sallamo Mama gida, ba sauran magani. Ba ta buɗe kular ba. Hijabinta ta zura, ta ce mu je. A kan gada ta riƙe hannuna gam, tafinta duk gumi.

Da muka iso, Kulu ta zauna a bakin gadon Mama, ta buɗe abincin, ta yi bismilla, ta sa hannu. Mama na kallon kowace loma.

"Wa ya yanka?" Kulu ta tambaya tana tsokanarta.

"Tanimu. Ci abinki." Mama ta numfasa. "Amma Deborah ce ta dafa, ki yi haƙuri da gishirin."

Ji mini mata, a bakin mutuwa ma ba ta bar ni ba. Muka yi dariya har na share hawaye. Kulu ta cinye tas, har ƙashin ta tauna.

Washegari da hantsi Mama ta cika, ana cikin rana ta biyu ta hutu, don haka kowa na gida. Kafin azahar tsakar gidanmu ta cika da matan zumuntar coci, sun zo da tulunansu na kiɗa. Na yi kuka sosai, ba zan ɓoye ba. Can na tuna da Kulu, na ce ko ta tafi ne ba sallama. A ƙofar kicin na same ta kan kujera 'yar tsuguno, tana tsince shinkafar da za a dafa wa 'yan gaisuwa. Matan suna rera waƙar da Mama ke yi in tana shara, leɓɓan Kulu na motsi tare da su.