Wanda Ya Tsaya a Kan Gada

Shekara ashirin da biyu Auta ya yi yana zane a kamfanin buga littattafai guda ɗaya. Teburinsa yana hawa na biyu, jikin taga, don ya ce hasken lantarki ƙarya yake yi wa kala. Aiki iri biyu ake kawo masa: littattafan tarihin soja masu nauyi kamar bulo, da littattafan yara inda kunkuru ke tuƙa keke. Abokan aiki suna tsokanarsa wai da safe ya kashe mutum ɗari, da yamma ya ɗinka wa zomo hula. Shi kuwa bai raina ko ɗaya ba. In zai zana soja sai ya ƙirga maɓallan rigarsa, ya binciko irin takalmin da aka raba a wannan shekarar.

Wata Litinin Edita ta kira shi ofis, ta tura masa takardu.

"Littafin 'yan firamare ne a kan yaƙin gada. Wani Janar mai ritaya ya rubuta. Na ji an ce yayanka yana wurin, ko?"

"Can ya baro ƙafarsa ta dama," in ji Auta.

"To ka ga aikin naka ne."

Yayan nasa saje ne da ya bar aiki tuntuni, yanzu gyaran rediyo da fanka yake yi a barandar gidansa. Shekara talatin ke nan bai taɓa yi wa kowa zancen gadar ba, ko matarsa. Da Auta ya kawo maganar, bai ɗago daga rediyon da yake kwancewa ba.

"Ka je ka zana zomayenka."

"Yaya, in ba ka faɗa mini ba, abin da Janar ya rubuta zan zana. Ya ce shi ya riƙe gadar kwana biyu."

Yaya ya ajiye sukurdireba. Ya dubi titi, ya ce, "Zauna."

Asabar uku suka yi. Su goma sha ɗaya aka ajiye a bakin gadar, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Janar a lokacin manjo ne. Da aka fara harbi ya shiga mota ya ce zai kawo harsashi, ba su sake ganinsa ba sai bayan kwana biyu, rigarsa a goge. Su huɗu aka kwaso da rai. Yaya ya faɗi wanda takalminsa ya yage ya ɗaure da waya, da wanda yake ta kiran sunan 'yarsa har ya yi shiru. Auta yana rubutawa, wani lokacin fensirin ya tsaya a hannunsa.

A Asabar ta uku ya roƙi Yaya ya tsaya masa ya zana shi. Yaya ya ɗaura ƙafar roba, ya ɗauki sandar tsintsiya ya saɓa a kafaɗar hagu, da yake bahago ne. Matarsa ta leƙo daga kicin ta fashe da dariya.

"Yau kuma da wa za a yi? Da ƙura?"

Har Yaya sai da ya dara. Auta bai tuna rabon da ya ga haƙoransa haka ba.

Wata biyu ya yi a kan zanen tsakiyar littafin. Fuskar ya ɗauko ta daga wani tsohon hoto, lokacin Yaya yana da shekara ashirin da huɗu. Ya tsayar da shi a tsakiyar gadar da ƙafafunsa biyu, ruwa yana zuba daga hular kwanonsa, sauran goman suna kewaye da shi, kowa da kamanninsa yadda aka kwatanta masa. Bai sa jini ba, don yara ne za su gani, amma bai sa wa kowa murmushi ba.

Ranar da Janar ya zo duba aikin, ƙamshin turarensa ya riga shi hawowa bene. Ya yaba gadar, ya yaba bindigogin, ya ce ko maɓallan daidai suke. Sannan ya ɗora yatsa a tsakiyar takardar.

"Wannan wane ne?"

"Saje ne, ranka ya daɗe."

"Ni ina nake?"

"Kana shafi na shida, cikin mota."

Janar ya yi 'yar dariya, ya dubi Edita, ya ce mai zanen nan naki akwai barkwanci, a gyara kafin Juma'a. Da ya fita Auta ya ce shi ba zai taɓa zanen ba, in an ga dama a cire shi gaba ɗaya.

"Kwantar da hankalinka," in ji Edita. "Ka bar ni da shi, na san yadda zan lallaɓa shi."

Bayan sati biyu ta nuna masa gwajin bugu, komai yana nan yadda ya bar shi. Ya yi mata godiya har da ranƙwafawa.

Ya riga ya yi wa Yaya alkawarin shi zai fara buɗe littafin. Don haka ranar da katan ɗin farko ya iso daga maɗaba'a, ya zari guda ɗaya a ledarsa, ya tari mota sai gidan Yaya. Yaya ya wanke hannu da sabulu, ya sa tabarau, matarsa ta tsaya a bayansa. Ya yage ledar a hankali ya buɗe tsakiya.

Jikin nasa ne, da kafaɗunsa, da bindigar a hagu. Kan kuwa na Janar ne tun yana saurayi, yana murmushi. Sauran goman an dushe su sun zama inuwa a cikin hazo.

Matar Yaya ta ce, "Innalillahi," ta koma ciki.

"Yaya, wallahi ba ni..."

Yaya ya juya bangon, ya sa yatsa a ƙarƙashin sunan Auta, ya bi shi harafi-harafi.

"Na ɗauka ni ka mayar wa ƙafar," in ji shi. "Ashe shi ka yi wa."

Washegari Auta ya banka ƙofar Edita ba sallama. Ba ta ko razana ba. Ta ce zanen mallakar kamfani ne tun ranar da ya sa hannu a takardar aiki, kuma makarantu sun riga sun karɓa, babu mai dawo da littafi saboda kai ɗaya. Ya ce to a cire sunansa. Ta ce an riga an buga. A matakala ya ci karo da mai haɗa shafuka a kwamfuta, mutumin da suke shan shayi tare shekara goma.

"Kada ka riƙe ni, umarni aka ba ni," in ji shi. "Amma ka iya zane, wallahi. Wuyan ya karɓi kan kamar don shi aka yi."

Auta bai ajiye aikin ba. Yana da 'ya'ya huɗu a makaranta, kuma ba wani kamfanin da zai ɗauki mai burushi ɗan shekara hamsin. Ya je bikin ƙaddamarwa ma, don Edita ta ce dole. Janar ya riƙe hannunsa a gaban masu ɗaukar hoto yana gaya wa mutane cewa wannan bawan Allah ya kama shi sak.

Sai bayan wata guda ya iya ciro ainihin zanen daga durowar ofis. Ya sa aka yi masa gilashi, ya rungumo shi zuwa gidan Yaya. Ya same shi a baranda, wata fanka a kwance a gabansa. Ya jingina zanen da bango inda zai gani.

Yaya ya dube shi sau ɗaya, ya mayar da ido kan fankar.

"Na san ba kai ka yi ba. Matarka ta zo ta yi mini bayani."

"To ka yafe mini, Yaya."

"Me zan yafe? Shekara talatin ina zaune da abina, ba wanda ya isa ya taɓa shi, don ba wanda ya san inda na ajiye. Kai ka zo ka ce in fito da shi." Ya hura ƙurar da ke jikin fankar. "Yaran nan bakwai, ni kaɗai na rage mai tuna fuskarsu. Na ba ka, ka kai wa su Janar."

Yaya ya nuna zanen da sukurdireba.

"Ɗauki kayanka. Ba ni da bangon da zan rataye shi."

Auta ya sunkuya ya ɗauka. Gilashin ya yi masa nauyi fiye da lokacin zuwa. Yana bakin ƙofa Yaya ya kira shi, ya juyo da sauri.

"Ka gaida yara," in ji Yaya. "Ka ja mini ƙofar."