Kwaɗo a Ƙugun Sabrin

Ranar da ciwon ya fara kama Sabrin muna saman soro ni da ita, muna jera kwaɓin burodi a rana don ya tashi. Ta sunkuya za ta ajiye faranti, atishawa ta zo mata, sai kawai na ga ta dafe gefen mararta na dama ta durƙushe. Ba ta yi ihu ba. Kallona kawai ta yi, kuma na san wannan kallon, don sau biyu na taɓa ganinsa.

Sabrin ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tana aure a tsallaken magudanar ruwa, gidan Hajiya Inshira, uwar mijinta Ragab, shi kuma yana aikin gini a Kuwait, sau ɗaya yake zuwa a shekara. Ciki biyu ta yi, duka suka zube a wata na uku. Wannan na ukun ya kai wata biyar, har ya fara motsi, kuma duk gidan lallaɓa shi ake yi, ko sunansa ba a son kira da ƙarfi. Ni kuwa haihuwata huɗu, ban taɓa ɓari ba, na fari ma a gonar rake naƙudarsa ta kama ni. Shi ya sa nake ganin kamar duk abin da ya shafi ciki na gama saninsa. Ga shi Allah ya yi ni da saurin baki.

"Yaya Nagat, ya tafi," ta ce. "Shi ma ya tafi."

"Ke, rufe min baki. Akwai jini?"

Babu jini. Kafin mu sauko ƙasa ma ciwon ya lafa. Amma Hajiya Inshira ta riga ta ji, ta tsaya a gindin matakala da hannu a ƙirji. Ba muguwar mace ba ce, dole in faɗi gaskiya. Ita ma 'ya'ya uku ta binne kafin Ragab ya tsaya mata, kuma takan hana kanta ƙwai ta dafa wa Sabrin. Ta duba yarinyar sama da ƙasa ta ce, "Bayanta a buɗe yake. Tun ɓarin farko na faɗa, ba wanda ya saurare ni. A kira min Atiyat."

Gwaggo Atiyat ita ce tsohuwar ungozomar garin, rabin mutanen unguwar a hannunta suka faɗo. Ta zo da la'asar da ƙunshinta. Ta shafa wa Sabrin mai a baya, ta zagaya mata igiyar ulu a ƙugu, ta haɗa bakin igiyar da ɗan kwaɗon ƙarfe irin na kulle akwati, ta datse, ta miƙa wa Hajiya makullin. Haka ake yi wa macen da ciki ba ya zama a jikinta, a kulle bayan, ba a buɗewa sai naƙuda ta zo. Mahaifiyarmu ma an yi mata, ban taɓa ganin abin mamaki a ciki ba. Sai dai ban taɓa yarda da shi ba.

Kwaɗo bai hana komai ba. In ta miƙe daga tabarma da sauri, ciwon ya soke ta. In ta juya a kwance, ya soke ta. Wata rana dariya ce ma ta jawo shi, daga nan ta daina dariya. Duk sukar da ya yi, sai Hajiya ta ce kullin ya yi sako-sako, a ƙara ja. Aka hana ta hawa soro, aka hana ta zuwa wajen ɓaunar da suke kiwo, daga baya aka hana ta ko shara. Sati biyu tana kwance a ɗaki tana kallon silin tana jiran jini. Ta rame, idonta ya faɗa. Abin ya ci min rai ƙwarai.

Ranar wata Talata na ɗauko adaidaita na tsayar a ƙofar gida.

"Ina za ki kai ta?" in ji Hajiya.

"Asibiti, Hajiya. Inda ake kai marasa lafiya."

"A wannan hanyar mai gargada? Nagat, ki ji tsoron Allah."

"Shi nake ji, shi ya sa na zo."

Likitar ƙaramin asibitin garinmu yarinya ce, ba ta kai Sabrin shekaru ba, amma tana da haƙurin tambaya. A ina yake yi? Yana daɗewa? In kin kwanta yana tafiya? Akwai jini, ko zazzaɓi, ko zafin fitsari? Ta ɗora abin awo a cikin, muka ji bugun zuciyar ɗan yana sauri, Sabrin ta fashe da kuka. Sannan likitar ta zaunar da ita ta kama hannunta ta ɗora a gefen mara.

"Nan da kuma nan akwai jijiyoyi biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, su ke riƙe da mahaifa. Yanzu ciki yana girma, suna miƙewa. In kika yi motsi farat ɗaya sai su fizga, shi ne sukar da kike ji. Yana da zafi, na sani, amma ba ya taɓa ɗan. Ba shi da alaƙa da ɓarin da kika yi."

"To me zan sha?"

"Kusan ba komai. Ki riƙa tashi a hankali, ki fara juyawa gefe tukuna. In kin ji atishawa ko tari na zuwa, ki ɗan ranƙwafa ki tallafe cikin. Ki sa matashi tsakanin gwiwoyinki in za ki kwanta. Tsumma mai ɗumi ma yana taimakawa, in ya matsa miki ki sha farasitamol. Kuma ki tashi ki riƙa ɗan takawa, wannan kwanciyar ba ta yi miki amfani." Ta ɗaga yatsa. "Amma ki ji ni da kyau. Wannan ciwon yana zuwa ya wuce. Wanda ya zo ya ƙi tafiya ko kin huta, ko cikin ya riƙa tauri yana saki yana tauri, ko baya ya riƙe, ko kika ga jini ko ruwa, wannan ba jijiya ba ce. Ko takalmi kada ki tsaya nema, ki taho."

Da ta ɗaga rigar don ta ƙara dubawa ne ta ga igiyar. Ta ci fata ta yi jan layi, wani wurin har ya fara ruwa. Likitar ba ta yi faɗa ba, 'yar garin nan ce ita ma. Cewa kawai ta yi, "Wannan ta matse da yawa. A sassauta ta, ciki zai ƙara girma."

A sassauta ta ce. Da kunnena na ji. Amma muna isa gida, Hajiya ta tare mu da tambaya, na ce ta ba da makulli, ta ce sai dai bayan ranta. Nan zuciya ta ɗebe ni. Almakashin ɗinki na kan taga. Na ɗauka, na ɗaga rigar Sabrin a tsakar gida, gaban matan maƙwabta biyu da suka leƙo, na datse igiyar. Kwaɗon ya faɗi kan siminti.

"Ga kwaɗonki nan, Hajiya, a kulle akwati da shi. Jijiya ce, likita ta faɗa."

Hajiya Inshira ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi min sauƙi. Ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki abin, ta ce, "Kin buɗe ta da hannunki, Nagat. Mutane sun gani. Duk abin da ya samu cikin nan, ke ce."

"Na ji, na ɗauka," na ce. Har da buga ƙirji.

Na koma gida ina jin kaina kamar wadda ta ci yaƙi. Ban juya na kalli fuskar Sabrin ba.

Makonnin da suka biyo baya kuwa sai suka zama kamar sun ba ni gaskiya. Sabrin ta koyi tashi a hankali, ta koyi ranƙwafawa kafin atishawa, ta fara cin abinci, har ta koma tsinke ganyen lalo a tsakar gida. Ciwon yana zuwa jefi-jefi, ta tsaya ta dafa bango, ya wuce. Sai dai ko tsaki ta yi, Hajiya na kanta. "Mene ne? Ina ke ciwo? Bayan ne?" Ita kuma amsarta ɗaya ce, "Jijiya ce kawai, Umma." Ni ma na mayar da maganar abin tsokana. In na shigo sai in ce, "Ina uwar jijiya? Yau sau nawa aka soke ki?" Ta yi murmushi. Gwaggo Atiyat ta daina amsa gaisuwata a hanya, matan unguwa kuma in na wuce sai hira ta tsaya. Ragab ya bugo waya daga Kuwait ya ce in daina shiga harkar gidansa. Ban fasa zuwa ba, kuma ban taɓa tambayar kaina yadda Sabrin ke kwana ta tashi a tsakaninmu ba.

Ciki ya shiga wata na bakwai. Ranar Laraba da hantsi na kai mata cuku, na same ta zaune a bakin gado ta dafe baya da hannu biyu. Goshinta da gumi, alhali garin ba zafi.

"Lafiya?"

Ta kalli ƙofa. Hajiya na tsaye a wurin da tsintsiya.

"Jijiya ce, Yaya."

"Har yanzu? Ke kam jijiyar nan taki ta fi ta kowa rigima. Sa tsumma mai ɗumi."

Na zauna na sha shayi, na ba da labarin rigimar da aka yi a layin gas, na tashi na tafi. Sau biyu ina magana ta runtse ido ta yi shiru, sannan ta buɗe. Na gani. Ni da na haifi huɗu, na ga mace tana runtse ido tana buɗewa a kan lokaci, ban gane ba, don na riga na yanke wa ciwonta suna.

Washegari bayan sallar azahar maƙwabciyarsu ta zo tana haki ta ce faya ta fashe. Kafin mu kai babban asibiti kan ɗa ya riga ya sauko. Mace ce, 'yar mitsitsiya, tafin ƙafarta bai kai babban yatsana ba. Aka ruga da ita aka sa a kwalba. Likitan da ya karɓi haihuwar ya fito yana cire safar hannu ya tambaye mu tun yaushe take naƙuda. Muka ce yau. Ya girgiza kai ya ce wannan ta kwana da wuni tana yi, da an kawo ta jiya da sun yi mata allurar da ke ƙarfafa huhun jariri, wataƙila ma su ɗan jinkirta haihuwar. Bai ce laifin kowa ba ne. Hajiya ta tambaye shi ko buɗe bayan ne ya jawo, ya ce bai san wannan ba, irin haka yana faruwa ga wadda aka kulle da wadda ba a kulle ba.

Kwana huɗu yarinyar ta yi. Ragab bai samu jirgi ba sai bayan an binne ta.

Hajiya Inshira ba ta ce min komai ba, ko a asibiti ko a wajen zaman makoki. Ta miƙo min shayi da hannunta kamar kowa. Ni ce na kasa zama. Ranar da aka sallamo Sabrin na jira mata suka ragu, na shiga ɗakin na rufo ƙofa. Tana kwance ta juya wa bango fuska, gaban rigarta ya jiƙe da nono. Na yi niyyar lallashi, wallahi da niyyar da na shiga ke nan, amma bakina ya riga ni.

"Sabrin, ba a gabana likita ta yi miki bayani ba? Ba ta ce in ya ƙi tafiya ki taho ba? Yaya za a yi ki kasa bambance naƙuda da jijiya?"

Ta juyo a hankali, gefe tukuna, yadda aka koya mata.

"Na bambance, Yaya. Tun ranar Laraba da safe na san ba jijiya ba ce."

"To me ya hana ki faɗa? Ina zaune a gabanki!"

"Umma na tsaye a ƙofa. Da na ce bayana ne, shi ke nan, ke ce kika buɗe ni. Da Ragab ya hana ki shigowa gidan nan har abada, garin nan kuma ba mai sake ba ki jaririnsa ki riƙe." Ta share hanci da bakin mayafi. "Na ce bari in daure zuwa gobe, ƙila ya lafa, ba wanda zai sani. Ina ta roƙon Allah ya sa jijiyar ce."

Sai kuka ya ƙwace min, ni Nagat. Na zauna a ƙasa kusa da gadon. Ta miƙo hannu ta dafa kaina, ita da aka yi wa rashi, tana cewa in yi haƙuri, in daina kuka kada Umma ta ji.