Wanda Ya Fara Sauka

A filin diro na bayan gonakin rake, idan kana neman shawara ba sai ka nemi Warwick Tully ba, shi zai nemo ka. Ya haura hamsin, ya yi fiye da rabin rayuwarsa yana dirowa daga jirgi da laima, kuma babu abin da ba shi da ta cewa a kai: girman laimar da ta dace da kai, hular kwanon da za ka saya, filin da za ka je a New Zealand da wanda za ka guje wa, har takalmin ƙafarka sai ya tofa albarkacin bakinsa. Abin haushin shi ne yawanci gaskiya yake faɗa. Shi ya sa ake gunaguninsa a bayan ido, a kuma dawo a tsaya a gabansa da jakar laima a ce ya duba.

Narelle Quigley tana cikin masu tsayawar. Direbar motar 'yan makaranta ce, ta fara diro bayan 'ya'yanta sun girma sun watse, kuma ba ta daɗe da fita daga hannun masu koyarwa ba. Duk Asabar kafin a hau jirgi sai ta juya masa baya, ya ɗaga murfin jakar da ta goya, ya duba ɗan fil ɗin da ke riƙe da bakin laima, ya mayar ya rufe, ya ɗan buga mata kafaɗa sau biyu. Haka ake yi a wurin, kowa da mai duba masa fil, tunda ba mai ganin bayansa. Nata mai dubawar shi ne Warwick. Shi kuwa nasa ba mai taɓawa, ya ce tun kafin a haifi wasunsu yake duba abinsa da kansa.

Shi ne kuma ya cusa mata dokar sauka tun tana sabuwa.

"Ki buɗe kunne, Nelly. Ranar da iska take wasa da hankali, ta ƙi tsayawa gefe ɗaya, wanda ya fara sauka shi ya yanke hukunci. Inda ya fuskanta nan kowa zai fuskanta. Ko kin ga kamar ya yi shirme, ki bi shi. Gara kowa ya sauka a karkace da mutum biyu su yi karo a sama."

"To in na farkon wawa ne fa?"

"Shi ya sa nake riga kowa sauka."

Ta yi dariya ta ce girman kansa kaɗai ya isa ya jawo shi ƙasa kafin kowa. Gaskiyar magana laimarsa ce ƙarama mai gudu, ko da shi ne na ƙarshen fita daga jirgi sai ya riga jama'a taka ciyawa.

Ranar da abin ya faru an yi baƙi daga birnin Perth, sun jeru a bakin tafkin da ke tsakiyar fili da kyamarorinsu. Tun safe tutar iska, jan ƙyallen nan mai kama da hannun riga da ke kan sanda, take lilo ba alƙibla. Glenys, shugabar masu koyarwa, ta leƙo daga rumfar jirgi ta ce, "Iska ba ta san inda ta dosa ba yau. A bi na farko."

Da laimar Warwick ta buɗe ya duba ƙasa, sai ya ga tutar ta miƙe sak. Iskar teku ta shigo, ta tsaya gefe ɗaya. Ya gani sarai, kuma yana da sauran tazara mai yawa. Saukar hankali ita ce ya fuskanci iskar, ta tare shi, ya taka ƙasa a sannu. Amma in ya ba ta baya za ta tura shi, ya shafi tafkin nan daga wannan baki zuwa wancan yana jan ƙafa a ruwa, a gaban kyamarorin mutanen Perth. Ya ce a ransa iskar ba ta kai ta kawo ba. Ya karya kwana ya ba ta baya.

Saukar ta yi kyau, wannan kam ba mai musu. Ruwa ya tsage gida biyu a ƙarƙashin takalminsa, baƙi suka ɗauki ihu. Yana tattara laimarsa yana murmushi ya ɗaga kai, sai ya ga shuɗiyar laimar Narelle ta jero daidai inda ya bi, iska a bayanta.

Tsofaffin hannu da suka biyo shi sun san yadda ake yi, suka zame a kan ciyawa suna ashar. Narelle ba ta taɓa sauka da irin wannan gudun ba. Ta wuce tafki, ta wuce ciyawa, ta doshi magudanar ruwan da ke bakin rake. Warwick ya ji kansa yana ihu, "Ja birki! Ja!" kamar tana jinsa. Ta ja igiyoyin rage gudun laimar, amma ta makara. Ƙarar da ƙafarta ta yi da ta doki bakin magudanar har bakin tafki an ji.

Bayan motar asibiti ta tafi da ita, aka taru a gaban rumfa ana jimami, tsiran alade yana ƙonewa a kan wuta ba mai juyawa. Glenys ta dubi Warwick, ta kira shi da laƙabinsa.

"Wazza, me ya faru da iskar?"

"Sai da na riga na karya kwana ta juya," in ji shi.

Ba wanda ya musa, don a lokacin duk idon na ƙasa yana kansa, na sama kuma suna ta kansu. Da ya tsaya nan ma da sauƙi. Sai wani cikin baƙin ya tambaya, to ita matar mene ne kuskurenta? Bakin Warwick da ya saba sai ya kama aikinsa.

"Ta makara wajen jan birki. Kuma ramin magudanar ta zuba wa ido. Abin da ka kalla a ƙarƙashin laima, shi za ka doka."

Kowa ya gyaɗa kai. Wannan ma gaskiya ce, kuma ita ta fi cin sa daga baya, don ya ɗauki gaskiya ƙarama ya rufe babba da ita.

Makonnin da suka biyo baya Warwick ya zama wani iri. Kunya ce take cin sa, ya kuma san sunanta. Ya aika wa Narelle furanni a asibiti amma ya kasa zuwa da ƙafarsa. Wani sabon mai diro ya tambaye shi ko ya rage girman laimarsa, ya ce ya je ya tambayi Glenys. Glenys ta ce a taɓa goshinsa, mutumin nan ba shi da lafiya. Duk lokacin da ya duba ƙasa ya ga tutar nan sai ya kau da kai.

Wata Asabar sai ga Des, mijin Narelle, a a-kori-kurarsa. Des makanikin injin yankan rake ne, bai taɓa son harkar nan ba, ko shayin wurin ba ya sha. Ya sauke wata baƙar leda ya dire a gaban Warwick. Laimar Narelle ce a cukuikuye, da busasshen taɓon magudana a jikinta.

"Ka nemi wanda zai ɗauka, mutumina. Ba na son ganinta a gida."

"Ita ta ce haka?"

"Ita ta ce. An sa mata ƙarfe a cinya, likita ya ce za ta warke, har tuƙi za ta koma. Amma ta ce ta gane ba ta iya ba, da tsufanta ta zo ta yi wa kanta wauta." Des ya sosa ƙeya. "Ta ce kai ma ka faɗa, kuma in kai ka faɗa to haka ne. Ni dai na gode maka, shekara biyu ina fama da ita ta bari."

Ya miƙa masa hannu. Warwick ya karɓa, yana jin da ma mari aka ba shi.

Ya wanke laimar ya shanya a inuwa, ya bi igiyoyinta ɗaya bayan ɗaya ya warware, ya naɗe ta cikin jakarta yadda ya kamata. Washegari ya sa ta a mota ya nufi gidansu. Ya tarar da Narelle a baranda, ƙafar a miƙe kan kujera, tana ɓare wake a kwano.

"A'a, yau kuma babban malami ne da kansa? Zauna. In ka zo ka gaya min na makara da birki ne, labari ya riga ka zuwa."

Ya zauna, jakar a kan cinyarsa. Ya shirya magana tun a hanya, duk ta gudu.

"Nelly, na ga tutar."

"Wace tuta?"

"Tun ina sama na ga iskar ta tsaya. Ina da lokaci, har da saura. Na ba ta baya ne da gangan, don in ja ƙafa a tafki mutanen Perth su ɗauka. Abin da na gaya wa Glenys ƙarya ne."

Ta ci gaba da ɓare waken, har ya fara zaton ba ta ji ba. Can ta ajiye kwanon.

"Ni ma na gan ta," ta ce. "Na ga ta miƙe. Hannuna har ya fara jan igiyar dama in juya in fuskance ta. Sai na ce a raina, ke Narelle, wace ce ke? Warwick ne ya sauka haka. In ya ba iska baya, akwai abin da ya gani wanda ke ba ki gani ba."

Ta gyara ƙafarta a kan kujerar, ta ci gaba.

"Ka san abin da nake yi a gadon asibiti? Ina ta juya saukar nan a kaina, ina neman abin da ka gani. Na ce tunda har yanzu na kasa gano shi, to ba ni da idon wannan harka. Ashe idona lafiya lau."

"Ki yafe min."

"Kai, dakata. A barandata za ka faɗa, ni da kai da wake? Lokacin da kake lissafa kurakuraina a gaban wa ka yi? A gaban kowa, har da baƙi. Ka je can ka faɗa." Ta nuna jakar da haɓa. "Wannan kuma ajiye ta nan. Ban ce komai ba tukuna, na ce dai ka ajiye."

Asabar da ta zagayo, da jirgin ƙarshe ya sauka aka kaɗa ƙararrawar buɗe firjin giya, Warwick ya hau kan benci. Jama'a suka fara tsokana, wani ya ce a kawo matashi, wa'azi zai fara. Narelle tana zaune a gefe da sandunanta, Des yana tsaye a bayanta ya harɗe hannu. Warwick ya faɗi abin da ya faɗa a baranda, bai rage ba bai ƙara ba.

Glenys ce ta fara magana, a hankali, kuma hakan ya fi ihu ciwo.

"Kai ka koya wa rabin mutanen nan su bi na farko ido rufe. Ka san me ya sa dokar take aiki? Don na farkon ya san ba shi kaɗai yake sauka ba." Ta juya ga jama'a. "Ba zai hau jirgina ba har a gama yankan rake. Daga yau kuma za a sa kibiya a ƙasa, ita za a bi. Wazza, kai ne mai juya ta."

Des ya taimaka wa matarsa ta miƙe, ya wuce ta gaban Warwick kamar ba mutum a wurin.

Haka Warwick ya yi watanni a gindin tutar iska, da hular rana da kwalbar ruwa, yana jan wata ƙatuwar farar kibiya a kan ciyawa duk sa'ad da iska ta juya. Aka laƙaba masa suna Ɗan Sandan Hanya. Ya karɓa, don ba shi da bakin musu. Aka yanke rake, gonaki suka yi fayau, Glenys ta ɗage masa takunkumi. Narelle dai shiru, sai labarin ta ajiye sanduna ta koma motar 'yan makaranta.

Rake ya sake kai ƙugu kafin ya ga motarta a bakin rumfa. Ta fito tana ɗan ɗingishi, jakar a kafaɗa. Ta yi rabin yini tare da Glenys suna maimaita komai tun daga farko, sannan aka sa sunanta a jirgin la'asar, wanda shi ma yake ciki. Daɗin da ya ji har ƙwalla ta taru masa, ya wayance da goge tabarau.

Aka jeru a bakin jirgi, farfela tana kaɗawa. Narelle ta taho ta inda yake. Hannunsa ya ɗagu da kansa, kamar kowace Asabar ta da. Ta wuce shi da taku biyu, ta juya wa Glenys baya. Glenys ta ɗaga murfi, ta duba fil, ta rufe, ta buga mata kafaɗa sau biyu. Warwick ya rasa yadda zai yi da hannun, sai ya kai shi ga hularsa yana gyara abin da bai karkace ba.

Narelle ta juyo ta kalle shi daga sama har ƙasa.

"Kai fa, wa ya duba maka naka?"

"Ai ni da kaina nake..."

"Juya."

Ya juya. Ya ji yatsunta sun ɗaga murfin jakarsa, sun daɗe a wurin, sun bi igiyar fil ɗin har ƙarshenta, sun mayar sun rufe. Ya tsaya yadda yake, ya ba ta baya, yana jiran bugun nan biyu a kafaɗa. Da bai ji bugun ba ya waiwaya, sai ya ga ta riga ta hau jirgi.